'Yar Zango da Ƙwallon Ƙafa: Hanyar Waje Tana Nan, Mai Rakiya Ne Babu

Ranar 6 ga watan Yulin 2022, a birnin Kasabalanka na Maroko, aka ba 'yan matan Togo bugun daga kai sai mai tsaron gida. Abokan karawarsu 'yan Kamaru ne, waɗanda suka je gasar cin kofin duniya a 2015 da 2019, kuma duka biyun sai da suka tsallake zagayen farko. Ita kuwa Togo wannan ne karonta na farko a gasar cin kofin Afirka ta mata. Mafille Woedikou ta ɗauki ƙwallon ta dasa, ta ja da baya, ta zuba ta a raga. Kamaru ta farke kafin a tafi hutun rabin lokaci, aka tashi 1 da 1. Wannan maki guda shi ne duk abin da Togo ta koma gida da shi.

Kwana 3 kafin nan, Odette Gnintegma ta ci Tunisiya tun minti ɗaya bai cika ba, daga baya Tunisiya ta farfaɗo ta yi nasara da ci 4 da 1. A wasan ƙarshe Zambiya ma ta ci 4 da 1, kuma wannan ɗayar ta Woedikou ce. Ƙwallo 3 Togo ta ci a gasar baki ɗaya. Biyu daga ƙafar wadda ke wasa a Faransa, ɗaya daga ƙafar wadda ke wasa a Maroko. Duk mai son sanin abin da fita waje ke ƙara wa 'yar ƙwallo, to ya tsaya a kan wannan lissafi.

Abin da ya kamata ya dami mutanen Sokode da Dapaong, a tsakiya da arewacin Togo, shi ne, wannan hanya tana nan buɗe, 'yan mata suna bin ta, kuma za su ci gaba da bi ko iyaye sun so ko ba su so ba. Tambayar ita ce ko yarinya za ta fita da sanin gida, da takarda a hannu da wanda ya tsaya mata, ko kuwa za ta sulale ta bi wani dillali da ta sani ta waya. Hani bai taɓa rufe hanyar ba. Abin da yake yi shi ne ya raba yarinyar da mai rakiya.

Yana da kyau a fara da cire wa kai ruɗi game da ita kanta "wajen". Idan an ce 'yar Afirka na buga ƙwallo a Turai, hankali yakan tafi kan Asisat Oshoala, 'yar Legas da ta bi ta Liverpool da Arsenal, ta je Sin, ta sauka Barcelona a 2019, ta kuma zama gwarzuwar Afirka har sau 6. Ko a tuna Racheal Kundananji ta Zambiya, wadda ƙungiyar Bay FC ta Amurka ta saya daga Madrid CFF a watan Fabrairun 2024 a kan Yuro 735,000, kuɗin da ba a taɓa biya a kan mace 'yar ƙwallo ba kafin ranar. Ko Barbra Banda a Orlando Pride, ko Temwa Chawinga ta Malawi da ta zama gwarzuwar gasar Amurka a shekararta ta farko. Waɗannan duk gaskiya ne. Sai dai 'yan kaɗan ne, kuma duk wanda ya auna makomar 'yarsa da su zai yi kuskuren lissafi.

Labarin Woedikou ya fi kusa da abin da 'yar Togo za ta tarar. 'Yar kudu ce, an haife ta a 1994, kuma ba babbar ƙungiya ta kira ta ba. A lokacin gasar Maroko tana wasa ne a Yzeure, wani ɗan gari a tsakiyar Faransa da ke manne da Moulins, wanda mutanensa ba su wuce dubu goma sha 'yan kai ba. A lokacin ƙungiyar a rukuni na biyu take. A irin wannan mataki ba kowace 'yar wasa ce ke rayuwa da ƙwallo kaɗai ba: wasu ɗalibai ne, wasu suna aiki da rana su zo atisaye da yamma. Baƙuwar da ta zo daga Afirka ita ce mafi rauni a cikinsu, domin izinin zamanta a ƙasar a ɗaure yake da kwantiraginta. Idan gwiwa ta samu matsala a tsakiyar hunturu, ko kwantiragi ya ƙare ba a sabunta ba, 'yar gida za ta koma ɗakin uwarta, ita kuwa sai ta fara tunanin takardu da kuɗin haya.

Duk da haka a wannan ƙaramar ƙungiya aka yi abin da ya girgiza Faransa. A kakar 2021 zuwa 2022 Yzeure ta yi ta kutsawa a gasar cin kofin ƙasar har ta kai wasan ƙarshe. Ranar 15 ga Mayun 2022, a birnin Dijon, ta haɗu da Paris Saint-Germain, aka lallasa ta da ci 8 da nema. Wanda ya kalli sakamakon kawai zai ce an ji kunya. Wanda ya san tazarar da ke tsakanin ƙungiyoyin biyu ta fuskar kuɗi da likitoci da filin atisaye zai ce zuwa wannan wuri kansa abin jinjina ne. Bayan mako 7 kacal 'yar wasan gaban wannan ƙungiya ta tsaya gaban mai tsaron gidan Kamaru ba ta yi rawar ƙafa ba. Abin da take samu a waje ke nan wanda gida bai ba ta ba: wasa duk mako, atisaye mai tsari, da saba wa fuskantar waɗanda suka fi ta.

To ina arewa a cikin wannan labari?

Ba wanda zai koya wa Sokode ƙwallo. Ƙungiyar Semassi, mai ɗauke da sunan mayaƙan dawakin Kotokoli, ta daɗe tana cikin manyan zakarun Togo, kuma a 1984 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, inda Shooting Stars ta Ibadan ta tare ta. Ƙwallon farko da Togo ta taɓa ci a gasar cin kofin duniya ɗan Sokode ne ya ci ta, Mohamed Kader Coubadja, a ragar Koriya ta Kudu, a Frankfurt, ranar 13 ga Yunin 2006. Dapaong kuwa ita ta haifi Djené Dakonam, ɗan wasan baya da ya riƙe kambun kyaftin na Togo da na Getafe ta Sifaniya. Shi ma ba tsalle ɗaya ya yi ba. Ya bi ta Lome, ya yi wasa a Binin, ya je Coton Sport ta Garwa a Kamaru, ya shiga rukuni na biyu na Sifaniya, ya ratsa Beljiyam, kafin ya isa Getafe a 2017. A kowace matakala akwai wanda ya san shi, ya kuma miƙa shi ga na gaba.

Ƙannen waɗannan mazaje mata ma sun iya. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin filin wata firamare a unguwar Didawure ko a Zangon Sokode lokacin tara ya ga irinsu: yarinya 'yar shekara 10, ta cire silifas ta jera su a matsayin raga, ta ɗaure ɗankwali tamau, tana yanke maza ɗaya bayan ɗaya suna faɗuwa cikin ƙura. Malamin motsa jiki ya san sunanta, yaran unguwa sun san da wace ƙafa take bugu. Ka dawo bayan shekara 4 ka tambaya, sai a ce ai ta daina. Tiren talla ya hau kanta, ko an kai ta koyon ɗinki, ko an fara zancen aure, ko dai kawai wata rana goggonta ta kira ta gefe ta ce, "Ke 'yar nan, kin girma, ki bar guje-gujen nan cikin maza." Tsakanin shekara 12 da 16 ake rasa su, kuma wannan ne daidai lokacin da ake gina ɗan ƙwallo.

Bai kamata a yi wa tsoron iyaye dariya ba, domin yana da tushe, kuma a yankin Sokode tushen mai ɗaci ne. Shekara da shekaru ana ɗibar 'yan mata daga tsakiya da arewacin Togo ana kai su aikatau Lome da Kwatano da Legas da Gabon. A 2003 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da cikakken rahoto a kan safarar yara a Togo, kuma a 2005 ƙasar ta kafa doka ta musamman a kan lamarin. Kowace unguwa ta san yadda abin ke faruwa. Wata mata za ta zo da fara'a da ɗan turmin atamfa, ta ce wa uwa, "Yaya, ki ba ni ita, shekara biyu kawai, za ta dawo da kayan ɗakinta." Wasu sun dawo da kayan. Wasu sun dawo hannu rabbana da ciwo a jiki. Wasu har yau ba labari. Uban da ya ga irin wannan a gidan maƙwabcinsa, idan wani ya kira shi a waya ya ce zai kai 'yarsa Turkiyya ta buga ƙwallo, yana da cikakkiyar hujjar da zai ce a'a.

Sai dai a nan ne ya kamata a yi wa juna gaskiya. Tafiyar aikatau ba ta da takarda, ba ta da hukumar da za a kai ƙara, ba a ma san gidan da yarinya za ta kwana ba, amma an sha yarda da ita saboda an saba. Tafiyar ƙwallo kuwa, idan an bi ta yadda doka ta ce, tana cikin tafiye-tafiye mafi tsari da talaka zai iya yi. Dokar hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta hana a ɗauki ɗan wasa ko 'yar wasa zuwa wata ƙasa kafin shekara 18, in ban da wasu 'yan dalilai ƙididdigaggu. Tun daga 2018 duk ƙwararriyar 'yar wasa da za ta sauya ƙasa dole ne a shigar da sauyin cikin rajistar FIFA ta kwamfuta, kuma hukumar ƙwallon ƙasarta ta ba da takardar sallama. Wakilin 'yan wasa na gaskiya yana da lasisi. Tun daga farkon 2021 ƙwararriyar 'yar wasa da ta samu juna biyu tana da hutun haihuwa na aƙalla mako 14, da kashi biyu cikin uku na albashinta, kuma an haramta korarta saboda ciki. Iyaye nawa ne a Sokode ko Dapaong aka taɓa zaunar da su aka yi musu wannan bayani da Hausa ko Kotokoli ko Moba? Macuci yana cin kasuwarsa ne a inda mutane ba su san cewa akwai doka ba.

Sannan ga maganar sutura, wadda ita ce ta fi tsaya wa gidajen Musulmi a rai. Hukuncin addini na malamai ne, kuma su ya kamata su faɗe shi. Amma yana da kyau su faɗe shi a kan yadda wasan yake yanzu, ba yadda yake shekara 20 da suka wuce ba. Tun 2014 dokar ƙwallo ta duniya ta amince mace ta rufe kanta a fili, kuma ba abin da ya hana ta sa riga mai dogon hannu da matsattsen dogon wando a ƙarƙashin kayan wasa. Ranar 30 ga Yulin 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta shiga fili da hijabinta a wasan da ƙasarta ta doke Koriya ta Kudu, ta zama ta farko da ta yi haka a gasar cin kofin duniya ta manyan mata.

Abin takaici shi ne ƙasar da 'yan Togo suka fi dosa, saboda harshe da tsohuwar alaƙa, ita ce ta ƙi wannan sassauci. Hukumar ƙwallon Faransa ta hana sa hijabi a wasanninta, kuma a watan Yunin 2023 babbar kotun da ke duba hukunce-hukuncen gwamnati ta goyi bayanta, ta yi watsi da ƙarar da wasu 'yan mata Musulmi 'yan ƙwallo suka shigar. Wannan hukunci zalunci ne a kan yaran da ba su nemi komai ba sai a bar su su yi wasa yadda suke fita daga gidajensu. Ga 'yar Sokode mai lulluɓi, ma'anarsa a fili take: hanyar da Woedikou ta bi ba tata ba ce, sai in za ta ajiye mayafinta a bakin fili. Ya kamata ta san haka tun tana gida, ba sai ta sauka a Faris ba.

Sa'ar da aka yi, duniya ba Faransa kaɗai ba ce. Tun daga 2020 Maroko ta mayar da gasar matanta ta ƙwararru, hukumar ƙwallon ƙasar tana tallafa wa albashin 'yan wasa, kuma ƙungiyar sojojinta, AS FAR, ta ci kofin zakarun Afirka na mata a 2022. Can Gnintegma ta samu wuri, a Raja Aïn Harrouda kusa da Kasabalanka. Saudiyya ta buɗe babbar gasar mata a 2022, kuma 'yan Afirka sun shiga, irin su Ashleigh Plumptre ta Najeriya da Ajara Nchout ta Kamaru. Turkiyya ma tana ɗibar 'yan Afirka ta Yamma. A waɗannan ƙasashe yarinya za ta ji kiran salla, ta yi azuminta cikin jama'a, ta ci abinci ba tare da tambayar yanka ba. Wannan ba ya nufin ba a cuta a can. Jinkirin albashi da riƙe fasfo da cunkusa 'yan wasa a ɗaki ɗaya ba su da addini. Amma aƙalla babban dalilin da uba ke kafawa ya ragu, saura a duba takarda.

Wanda ke ganin duk wannan labarin mutanen bakin teku ne, ya leƙa Tamale, wadda ta fi kusa da Dapaong a kan Lome. Mukarama Abdulai can ta taso, cikin gari irin Sokode, mai masallatai da zango da iyaye masu irin wannan fargaba. A ƙungiyar Northern Ladies ta garin ta koyi wasa. A 2018, tana da shekara 16, ta je Uruguwai gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da 17, ta ci ƙwallo 7, ta dawo da takalmin zinare. A 2021 ta sa hannu a Deportivo Alavés ta Sifaniya, daga baya ta dawo Gana ta ci gaba da wasa. Dawowar tata ma darasi ce, domin fita waje ba tafiya ce ta har abada ba, kuma ba kowace ke ɗorewa ba. Amma abin lura shi ne yadda aka yi aka gan ta tun farko. Akwai ƙungiyar mata a garinsu, ƙungiyar tana cikin gasar ƙasa, kuma gasar Gana an raba ta shiyyar arewa da ta kudu, saboda haka ba sai yarinya ta bar gidan ubanta tana 'yar 14 ba kafin masu zaɓen 'yan wasa su san da ita.

A Togo an daɗe ƙwallon mata na hannun Lome. Lokacin da hukumar ƙwallon Afirka ta ƙirƙiro gasar zakarun mata a 2021, ƙungiyoyin babban birnin ne, Amis du Monde da Athlèta, suka riƙa wakiltar ƙasar a wasannin share fage. Daga Sokode zuwa Lome kusan kilomita 340 ne, daga Dapaong kuwa ya haura 600. Yarinyar da ke son a gan ta dole ta bi wannan doguwar kwalta, ta sauka gidan wata 'yar uwa a Zangon Lome ko ɗakin da ƙungiya ta kama, nesa da uwa, nesa da makarantar da ta fara. Yawancin iyaye a nan suke tsayawa, kuma da wuya a zarge su. Shi ya sa fitowar ƙungiyar mata ta ASKO ta Kara, wadda ta karɓi tutar Togo a 2024, ba ƙaramin abu ba ne. Kara tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce daga Sokode. Uwa za ta iya shiga mota da safe, ta ga inda 'yarta ke kwana, ta gaisa da mai horar da ita, ta dawo kafin magariba.

Dapaong tata matsalar ta fi nauyi. Yankinta na Savanes shi ne mafi talauci a ƙasar, kuma tun bayan harin Kpékpakandi na watan Mayun 2022, wanda sojoji 8 suka rasu a cikinsa, aka kafa masa dokar ta-ɓaci a watan Yunin shekarar. Ƙauyuka sun watse, mutane sun kwararo gari, wasu daga Burkina Faso. Wani zai ce a irin wannan hali wa ke ta ƙwallon mata. Amsar ita ce a irin wannan hali ne yarinya ta fi zama cikin haɗarin a cire ta daga makaranta, a aurar da ita da wuri don a rage baki, ko a miƙa ta ga duk wanda ya zo da alkawari. Ƙungiyar da ke tara yara sau 3 a mako, ta kira suna, ta tambayi wadda ba ta zo ba, ta ƙi sa yarinya a wasa sai ta nuna sakamakon jarrabawa, tana yin aikin da ya wuce ƙwallo. Garin yana da ƙungiyar Foadan, yana da fili, yana da sunan Djené da kowane yaro ya sani. Abin da ake nema bai fi ƙarfinsa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ana son 'yar arewa ta fita waje da mutuncinta tana 'yar 19, aikin yana farawa tana 'yar 11, kuma mafi yawansa ba na gwamnati ba ne. Semassi da Unisport da sauran ƙungiyoyin Sokode su ware wa 'yan mata sa'o'insu a fili, da rana tsaka ba bayan duhu ba, kuma a samu mace babba a wurin kullum. Wannan na ƙarshen shi ne mabuɗin amincewar iyaye. Mace ce, Kaï Tomety, ta ja ragamar Togo ta doke Gabon gida da waje a watan Fabrairun 2022 har aka samu tikitin Maroko, saboda haka ba wanda zai ce mata ba za su iya horarwa ba. Tsofaffin 'yan wasa da suka ajiye takalmi su ne ya kamata a tura kwas a dawo da su arewa. Uwa ta fi sakin jiki idan wadda ta zo neman izinin 'yarta mace ce da za ta durƙusa ta ce, "Inna, ni zan tafi da ita, ni zan dawo miki da ita."

Makaranta kuwa ba abin sasantawa ba ce. 'Yar ƙwallo tana da shekara 10 zuwa 12 na ganiya in Allah ya kiyaye ta daga rauni, kuma tsinkewar jijiyar gwiwa ta fi addabar mata a kan maza. Wadda ta bar aji kafin ta samu takardar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare ta shiga caca da rayuwarta. Ko a cikin wasan ma ilimin ne garkuwarta, domin kwantiragi da Faransanci ko Turanci ake rubuta shi, kuma wadda ba ta iya karanta abin da ta sa wa hannu ba, sai abin da dillali ya gaya mata.

Idan tayin ya zo, a nan ne mutanen zango suke da abin da wasu ba su da shi. Kakanninsu fatake ne, su suka bi hanyar goro daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, kuma a kan wannan hanya Didawure ta kafu. Sun san ba a sauka a baƙon gari sai da mai masauki, sun san ba a ciniki sai da shaida. Yau ma da wuya a rasa ɗan Sokode a Jamus ko Faransa ko Maroko ko Makka da Jidda. Kafin yarinya ta hau jirgi, a nemo ɗaya daga cikinsu ya je ya ga ƙungiyar da idonsa. A kai kwantiragin hukumar ƙwallon Togo a duba. A tambaya nawa ne albashi kuma ranar nawa ga wata, wa ke biyan haya, wa ke biyan asibiti idan ta ji rauni, wa ke sayen tikitin dawowa. Fasfonta ya zauna a jakarta. Duk wanda ya ce a fara turo masa kuɗin biza ko na gwaji, ko ya ce a shigar da ita da bizar yawon buɗe ido daga baya a gyara, ko ya ce a rage mata shekaru a takarda, an gama magana da shi. Sarkin zango da limamin unguwa suna sasanta rigimar gado da ta aure kullum, zama a kan takardar yarinya ɗaya ba zai gagare su ba.

Akwai kuma hakkin da ƙananan ƙungiyoyi ke bari yana zubewa saboda sakaci. A dokar FIFA, idan aka sayi 'yar wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka rene ta tun daga shekara 12 zuwa 23. A cinikin Kundananji wannan kaso ya kai wajen Yuro 36,750, wato sama da sefa miliyan 24. Ba kullum ake irin wannan ciniki ba, kuma yawancin mata har yanzu suna sauya ƙungiya ne ba a biya ko dala ba. Amma farashin yana hawa, domin shekara guda bayan Kundananji aka sayi Naomi Girma ta Amurka a kan fiye da dalar Amurka miliyan 1. Kason ba ya zuwa ga wanda ya ce shi ya koya mata wasa, sai ga ƙungiyar da sunanta ke cikin rajista. Malamin da ke tara 'yan mata a bayan makaranta a Sokode ko Dapaong, ya saya musu ƙwallo da kuɗin aljihunsa, idan bai yi wa ƙungiyarsa rajista da hukuma ba, bai kuma yanka wa kowace yarinya lasisi da takardar haihuwarta ta gaskiya ba, ranar da ɗaya daga cikinsu ta kai inda ake biya, ƙungiyar Lome da ta riƙe ta shekara 2 ita za ta karɓi rabon, shi kuwa ko sunansa ba zai fito ba.